Ƙafafun Sanusi

A ko'ina cikin ƙasar nan, ranar da yaro ya saki bango ya taka da ƙafarsa ranar murna ce. Wata ta rangaɗa guɗa, kaka ta ce mijinta ya zama namiji, a dama fura a ba yaran maƙwabta sadaka. Amma a ɓangaren mata na gidan kason da aka ajiye Ramatu a Yamai, shekarun da soji suka karɓi mulki, in yaro ya miƙe tsaye shiru ake yi. Kowa ta kau da kai kamar ba ta gani ba, uwar kuma ta fizgo shi ta ɗaure a baya tun kafin ƙafa ta biyu ta bi ta farko.

Ramatu Ba'adara ce, daga wani ƙauye arewa da Tawa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, irin matan nan da ko daka suke yi ba sa waƙa. Ta tashi a gidan da ake saƙar tabarma, ta iya kaba tun tana ƙarama, kuma da ruwa ya ci gaba da sauka yadda ya saba, da labarinta bai wuce haka ba: tabarmi, awaki, haihuwa, tsufa. Mijinta Dauda ɗan cin rani ne kamar kowane namiji a garinsu. Kaka ta yi ya tafi Abijan, damina ta kawo kai ya dawo da turare da labarin teku. Shekarar da ruwa ya sake ƙin zuwa, ya dawo ya dubi gona, ya dubi sama, ya koma tun lokaci bai yi ba, ya ce zai aiko. Ya bar ta da ɗiya ɗaya, da ciki, da tsohuwar uwarsa, da awaki. Awakin ne suka fara mutuwa, tsohuwar ta bi su. Saƙon Dauda kuwa har yau yana hanya.

Da mutanen gari suka ɗaure kaya, ita ma ta ɗaure. Ƙafa har Tawa, daga nan bayan kamiyo, babbar motar kaya, har Yamai, aka juye su a Lazare, filin da aka kafa wa 'yan gudun yunwa tantuna da rumfunan tabarma a bayan gari. Can ƙyanda ta shiga ta ɗauke mata ɗiyar. Can kuma ta haihu. Wani malami da ke rumfar kusa ya raɗa wa yaron suna Sanusi, ba rago, ba wanzami, sai 'yan dabino da wata Buzuwa ta kwance daga bakin mayafinta. Ramatu ba ta yi kukan ɗiyar sosai ba, ba ta yi murnar yaron sosai ba. A Lazare ta wancan lokacin, in ka ji mace na kuka da ƙarfi, to sabuwar zuwa ce.

Abin da ya kai ta kaso bai taka kara ya karya ba. Ana raba musu jar dawar taimako, wadda mutane ke cewa a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Dawa dai ba ta zama gishiri, ba ta zama sabulu. Sai mata suka riƙa rage kaɗan daga rabonsu, su niƙa, su toya masa, su kai bakin Babbar Kasuwa. Da soji suka hau, suka yi rantsuwa ba wanda zai sake cin hatsin talakawa, suka ce duk wanda aka kama da dawar taimako a kasuwa ɓarawon gwamnati ne. Magana ce mai kyau, wallahi. Manyan da suka kwashi buhuna da mota, wasu an kama su, wasu sun san ƙofar da ake bi a fita. Ramatu ba ta ma san akwai ƙofa ba. Wata safiya kamiyo ya tsaya a bakin kasuwa, aka kwashe mata da tasoshinsu, har da ita, da Sanusi a baya ko zama bai fara ba. Aka kai su komsariya, ofishin 'yan sanda, daga nan kaso. Aka ce alƙali zai kira ta.

Ɗakin matan tun zamanin Nasara aka gina shi, lokacin da matan da ke shiga kaso a Yamai ana iya ƙirga su da yatsu. Yanzu fari ya koro mutane, doka ta yi yawa, kullum kamiyo sai ya sauke wasu, ba ya ɗaukar kowa. Kwanciya da gefe ake yi, gwiwar wannan a bayan gwiwar waccan. In gefenki ya mutu sai ki taɓa ta gabanki, ita ma ta taɓa ta gabanta, layi duka ya juya tare. Wadda ta tashi zuwa bokiti, in ta dawo ba ta da wuri. Da rana a buɗe musu wani ɗan tsakar gida mai tano ɗaya, wato gangar ruwa, da murhun da ake tuƙa tuwon kowa, da inuwar bango wadda ake bi tana gudu. Ƙazwa kam ba a ma zancenta, kowa na susa, mai salla na susa, mai barci na susa.

Shugaban gidan, wanda kowa ke kira Shef, gajeren mutum ne mai furfura a gefen kunne da tari maras ƙarewa. Ba mugu ba ne, kuma abin haushin ke nan, don da mugu ne da an sami wanda za a tsine wa a huta. Kafin zuwan Ramatu, wani yaro mai tatata ya ratsa tsakanin ƙafafun mata ya faɗa tukunyar tuwo. Bai kwana ba. Tun daga ranar Shef ya yanke magana: jaririn da ke bayan uwarsa ba ya cin wuri, ba ya cin rabo, ya zauna. Yaron da ya fara tafiya kuwa ya zama mutum, gidan kaso kuma ba wurin mutumin da bai yi laifi ba ne. A kai shi wurin dangi. Wanda ba shi da dangi a kai shi gidan marayu, wurin masera, matan cocin nan masu farin lulluɓi. Safe da yamma Shef na shigowa da kansa a yi apel, mata su jera ya ƙirga kawuna, idonsa kuma na kan ƙafafun yara.

Ramatu ba ta da kowa a Yamai, sai kabarin ɗiyarta da ba za ta iya nunawa ba. Gidan marayun kuwa ba wanda ya ce ana dukan yara a can, an ma ce madara ake ba su. Sai dai fari ya cika shi yadda ya cika kaso, ana kwasar yara ana rarraba su wasu garuruwa, ƙyanda kuma ta san hanyar can ma. Akwai wata Hadizatu a ɗakin da aka taɓa sallama, ta tafi neman ɗiyarta, aka buɗe mata ɗaki cike da yara aka ce ta duba. Ta duba. Bayan wani lokaci kamiyo ya sake sauke ta a kaso ita kaɗai. Sau ɗaya ta ba da labarin, ba wadda ta sake tambayarta.

Wadda ta koya wa Ramatu dabarar Gwaggo Balki ce, wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ta fi kowa daɗewa a ɗakin, har ta zama ita ke raba wurin kwanciya. Ranar da ta ga Sanusi ya dafa cinyar wata yana neman miƙewa, sai ta sa ƙafa ta ture shi a hankali ya koma zaune.

"Ɗiyata, kina son yaron nan?"

Ramatu ta jawo yaron jikinta.

"In kina son shi, kada ƙafarshi ta san ƙasa. Goya shi. Ki ci tuwo da shi a baya, ki yi salla da shi a baya, ki je bokiti da shi a baya. In za ki kwanta, naɗe ƙafafun da zane ki rungume. Alƙali zai kira ki yau ko gobe, ki fita da abinki, ya yi ta tafiya a waje har ta ishe shi."

Shawara ce ta 'yan watanni, kuma ta yi wa wasu aiki. Mata sun fita daga gidan nan da 'ya'yansu a baya, sun sauke su a bakin titi. Gwaggo Balki ba ta yi ƙarya ba. Alƙalin ne bai kira ba.

Da farko yaron ya yi faɗa. Yana harbin ƙugunta, yana banƙarewa, yana tsala ihu har mata su ce ta fitar musu da shi, kamar akwai inda za ta fita. Ta ƙara majanyi na biyu, ta riƙa yin kulli biyu a ciki. Rani ya wuce, 'yar daminar da ta leƙo ta wuce, wani ranin ya kama. Ranar da soji ke bikin hawansu aka ce za a yi afuwa, mata suka wanke zannuwa, wasu har da kitso. Afuwar ta zo, amma ta waɗanda aka yanke wa hukunci ce, aka rage musu. Wadda ba a yanke wa komi ba, me za a rage mata? Ramatu ta koma wurinta. A tsakanin nan yaron ya rage harbi, daga baya ya bari gaba ɗaya, matan ɗaki suka ce kai, Sanusi ya yi hankali.

Baki kuwa ya buɗe da wuri, tun da ba shi da wani aiki sai saurare. Daga bayan uwarsa yake gaida kowa, ya san wadda ake ce wa sannu da wadda ake ce wa fofo. Ya haddace zagin Gwaggo Balki kaf, ya iya kwaikwayon tarin Shef har mata su riƙe ciki. Nono ya ƙafe da kansa ba wanda ya yaye shi, rabo kuma ba shi da shi, sai kowa ta gutsura masa loma ta miƙa ta kan kafaɗar Ramatu. Ita kuwa ta daina jin nauyinsa. Bayanta ya yi ƙuraje, suka fashe, suka warke, fatar ta yi kanta. Fuskar ɗan nata ma ba ta cika gani ba, muryarsa kawai take ji a bayan kunne. Ba ta tunanin Dauda, ba ta tunanin gida. Takan tashi, ta ɗaure, ta tsaya apel, ta ci, ta bi inuwa, ta sake tsayawa apel, ta kwanta. In aka gaishe ta sai ta ce lafiya lau, kuma ba ƙarya take yi ba, don ba inda ke mata ciwo.

Mai tsaron ɓangaren mata Madam Mariyama ce, Bazabarmiyar unguwar Gudel ta bakin kogi, mai jiki, mai Hausar kasuwa. Ta san shekarun Sanusi sarai, tun da a gabanta aka shigo da shi. Ta kuma fitar da yaran da suka zo bayansa suna gudu. Kowa ya sani, wataƙila har Shef. Amma doka tafiya ta ce, yaron kuwa bai yi tafiya ba. Duk lokacin da Ramatu ta tare ta da zancen alƙali, amsar ɗaya ce: "Kala suru, Ramatu. Sai haƙuri."

Ƙazwa ce ta tona abin. Ta yi ƙamari har ta kama masu gadi, sai aka turo wani majo, malamin jinya daga asibiti, da farin magani a gwangwani, aka ce kowa ta tuɓe ɗanta a shafa masa. Ramatu ta kwance. Majon ya ɗaga Sanusi ta hammata, ya dire shi a kan benci don ya shafa masa baya, ya saki. Ƙafafun suka lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya sake ɗagawa, ya sake direwa, suka sake lanƙwashewa. Yaron na ta dariya, ya zaci wasa ne.

A nan Ramatu ta ga ƙafafun da hasken rana, ba zane, daga ɗan nesa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Daga ƙugu zuwa sama yaro ne sosai. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kamar an ara masa na jariri: sirara, a buɗe, sun ɗauki siffar ƙugunta, ga baƙin sawun majanyi a cinyoyin.

Majon ya yi wa Madam magana da Faransanci da ƙarfi, Madam ta amsa masa a hankali. Sannan ya juyo ga Ramatu da Hausa, ashe ɗan Damagaram ne.

"Baiwar Allah, wannan ba shan inna ba ne, ba wata cuta ba ce. Ƙafa ce da ba a yi aiki da ita ba. In ya taka yanzu, tana iya dawowa. In kika ƙara mishi wata shekarar a baya, da hannu zai bi ƙasa har ƙarshen ranshi."

Ya shafa maganin, ya ce a kawo na gaba. Bai sake zuwa gidan ba.

Ramatu ta goya ɗanta ta koma inuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta ma yi mamakin yadda maganar ta shiga ta zauna ba ta motsa komi ba. Da la'asar ta sami Madam a bakin tano.

"Madam, ki ɗauke shi. In ya yi tafiya, ki ce ke danginmu ce. In ya girma ya yi miki aike, ba sai kin ba shi komi ba."

Madam ta daɗe tana wanke hannun da ba shi da dauɗa.

"Ramatu, ɗaki ɗaya gare ni a Gudel. 'Ya'yana suna ciki, na ƙanena da ya rasu suna ciki. Maigida masunci ne, kogi ya janye, taru na nan rataye. In kuma Shef ya gane na ce dangi alhali ba dangi ba, aikin nan ya tafi. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zan iya ba."

"To," in ji Ramatu.

"Kala suru."

"To."

Washegari bayan apel ta kwance majanyin, ta zaunar da Sanusi a tsakar gida, a ƙasa, a gaban kowa. Yaron ya ji yashi a tafin ƙafa, ya tsala ihu kamar an ɗora masa garwashi, ya naɗe ƙafafun sama yana miƙo hannu. "Inna, goyo! Inna, goyo!" Gwaggo Balki ta taso da ƙyar tana huci.

"Kin haukace? Duk wahalar nan da kika sha, yau za ki miƙa musu shi da hannunki?"

"Zan koya mishi in ɓoye. In Shef ya shigo in goya."

"Ki ɓoye! Ni kike gaya wa? Wa ya taɓa ɗaure yaron da ya san daɗin ƙasa ya ɗauru? Gurgu a hannunki bai fi miki mai ƙafa a inda ba ki sani ba?"

Ramatu ta tsaya ta yi tunanin tambayar, don tambaya ce ta gaske.

"Ni ya fi mini, Gwaggo," ta ce. "Shi ne ban sani ba."

Aikin ya ɗauki lokaci, kuma ba shi da daɗin kallo. Madam ta shigo da ɗan man kaɗe a gwangwanin tumatir, ta ajiye a kan tano ba ta ce na wane ne ba. Safe da yamma Ramatu na murza ƙafafun tana miƙar da su, yaron na kuka yana zaginta da zagin Gwaggo Balki. Wuri kuwa babu. Sai matan suka fara wani abu da ba wadda ta shirya. In rana ta take, lokacin da Shef ke gida cin abinci, sai su tashi daga zaune su jingina da bango a tsaye, a sami wata 'yar hanya daga tano zuwa ƙofar ɗaki. Wata ta tsaya ta tare murhu, wata ta sa ido a ramin ƙofa. Gwaggo Balki ta daɗe ba ta tashi ba, sai dai a kewaye ta. Ranar da ta tashi kuma ta ce wai ƙugunta ne ya gaji da zama, kada wata 'yar banza ta ɗauka wani abu ne.

Ya fara da jan ciki, ya koma rarrafe, ƙaton yaro mai baki yana rarrafe yana ba mutane labari. Ya dafa tano ya miƙe, ƙafafun na rawa, ya zube. Ya sake, ya sake. Ran da ya saki tanon ya yi 'yan taku ya faɗa kan cinyar uwarsa, wata sabuwar zuwa ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta kusa da ita ta toshe mata bakin da tafin hannu. Ramatu ta duba ta ga dugadugan biyu sun sauka ƙasa, ta ce a ranta ta hagu na ɗan jan baya, sai an ƙara murza ta. Ta nemi murna a cikinta ba ta samu ba, ta nemi tsoro shi ma babu.

Gwaggo Balki dai ta fi ta sanin yara. Ba a jima ba Sanusi ya ƙi baya. In aka goya shi sai ya banƙare, kuma yanzu harbin na da ƙarfi, har a haƙarƙari Ramatu ke jin shi. Lokacin apel ya zama kokawa. Tana cusa masa ƙanzo ya yi shiru, matan gefe na kare shi da jikinsu, Madam na ƙara ɗaga murya wurin kiran layi. Sun tsallake apel da yawa a haka. Sai tsohuwar ta koya mata dabara ta ƙarshe.

"In ta ɓaci, in ya ce ki sauke shi, ki mintsine shi a bayan gwiwa lokacin da kike dire shi. Mintsini na gaske, kada ki ji tausayi. Zai zube ya yi kuka, Shef ya wuce."

Ta ɓaci wata safiya da ba ta bambanta da sauran ba. Mata sun jera, Shef na tafe yana ƙirga da baki. Ya zo daidai Ramatu, sai murya ta fito daga bayanta, sarai kamar ta babba.

"Shef, ina kwana. Inna, sauke ni in nuna mishi."

Shef ya tsaya. Bai dubi Ramatu ba, ƙafafun da ke lilo a gefen ƙugunta ya duba, da ƙurar da ke tafinsu.

"Sauke shi."

Ta kwance kullin farko, ta kwance na biyu. Ta zamo da shi ta gefe, hannunta na dama a hammatarsa, na hagu ya sauka daidai bayan gwiwar, inda aka gaya mata. Akwai ɗan nama a wurin wanda da babu. Tana jin numfashin Gwaggo Balki a bayanta. Yatsun suna wurin, ba abin da ya hana su. Amma yaron ya riga ya kafa dugadugansa, ya ɗaga kai yana duban mutumin da zai nuna wa. Ta san in ta mintsine shi yau sai ta mintsine shi gobe, da jibi, har ya gane cewa duk ya tsaya ciwo na zuwa. Ta janye hannun.

Sanusi ya tafi, hannuwa a buɗe, ciki a gaba, ƙafar hagu na ɗan jan baya. Ya kai wurin Shef ya rungume masa gwiwa, ya ɗago kai yana dariya yana jiran a yaba.

Shef ya kau da kai ya dubi bango. Sannan ya ce, "Madalla, yaro," a hankali, ya juya ga Madam. "Ki kai shi da safen nan, kafin rana ta yi zafi."

Ba a yi kokawa ba. Mata da yawa a gidan nan sai an ɓamɓare yatsunsu ɗaya bayan ɗaya, Ramatu kuwa ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yar rigarsa ta biyu da sauran man kaɗen ta ba Madam. Ta ce a gaya wa masera sunansa Sanusi, ubansa Dauda, uwarsa Ramatu ta Adar, kuma ƙafar hagu ce ke son murza. Ta tsuguna ta share masa hanci da bakin zane. Shi hankalinsa na kan babbar ƙofar da gardi mai tsaronta ya fara buɗewa, don bai san abin da ke bayanta ba. Madam ta sunkuya za ta saɓa shi a kafaɗa.

"Madam, kada ki ɗauke shi," in ji Ramatu. "Bar shi ya taka."

Madam ta ba shi yatsa ya riƙe. Dokin ƙofar na da tsayi. Ya tsaya a gabansa, ya ɗaga ta dama, ya jawo ta hagu, ya ƙetare. Bai waiwayo ba, akwai jaki a waje. Gardi ya mai da ƙofa. Shef ya ce a sake jeri don ƙirgar ta ɓace masa, aka fara daga farko, Ramatu ta koma wurinta ta tsaya.

Ranar ta yi abin da take yi kullum. Ta ci tuwo, ta bi inuwa. Iska na taɓa bayanta, wurin ya riƙa yi mata sanyi a cikin zafin nan, ta ja mayafi ta rufe. Gwaggo Balki ta matsa ta ba ta wuri a jikin bango.

Da la'asar Madam ta dawo, idanunta jajur. Ta zo ta tsaya a gaban Ramatu tana jiran tambayoyin da ta shirya wa amsa tun a hanya: ko ya yi kuka, ko ya kira ta, ko wace ce ta karɓe shi. Ramatu ta ɗaga kai.

"Ya faɗi a hanya?"

"Ya faɗi."

"Ya tashi?"

"Ya tashi. Da kanshi."

"To," in ji Ramatu.

Madam ta ƙara tsayawa kaɗan, ko za a tambaye ta sauran. Ba a tambaye ta ba.